Wannan Turaren Haɗin Wace Ce?

Laccar da aka gabatar ga 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu a Kasuwar Litinin, Maiduguri

   

Watannin baya na shiga wani shago a Abuja, irin shagunan nan masu sanyi, gilashi ta ko'ina. Na ga kwalabe jere a kanta, kowace an manna mata takarda an rubuta turaren wuta na Maiduguri. Na buɗe ɗaya na shinshina. Sukari ya yi mata yawa, ga wani mai mai hawa kai, itacen kuwa ko kusa ba sandal ba ne. Na ce da yarinyar da ke tsaron shagon, 'yata, wannan haɗin wace ce? Ta ce na Maiduguri ne, Baba. Na ce na ji, amma wace unguwa, wane gida, hannun wa? Ta ce ita dai haka aka kawo musu. A kantar da ke kusa ga turaren Faransa da na Dubai, kowanne ɗauke da sunan gidan da ya yi shi, wasu har da shekarar kafa gidan a ƙasan sunan, kuɗin 'yar ƙaramar kwalba ya ninka namu sau da yawa. Tun ranar tambayar nan take cin raina, ita ce kuma na zo muku da ita yau.

Bari in fara da inda muke zaune. Kullum ana cin wannan kasuwa, Asabar da Lahadi ma ba a rufe ta, amma sunanta Kasuwar Litinin. Garin Yerwa kansa, wato Maiduguri, a 1907 aka kafa shi, lokacin da Shehu Abubakar Garbai ya dawo nan da zama. To amma cin babbar kasuwa ranar Litinin a babban birnin Borno ya girmi garin nan. Wani Bajamushe matafiyi, Heinrich Barth, ya iso Kukawa, babban birnin Borno na wancan lokaci, a 1851 zamanin Shehu Umar, ya rubuta cewa duk Litinin ana cika a filin da ke wajen ƙofar yamma, mutum sama da dubu goma, ga raƙuma da dawaki, ga gero da kanwa da busasshen kifi, ga riguna rinannu. Har bayi ana sayarwa, wannan kuma ɓangare ne na tarihin da bai kamata mu ɓoye ba. Wani ɗan ƙasarsu, Gustav Nachtigal, ya zo a 1870 ya tarar da kasuwar tana nan daram. Kayan Tarabulus suna sauka ta Murzuk da Bilma, ta gabas kuma hanyar alhazai ce, ta Wadai da Darfur har gaɓar Bahar Maliya. Unguwar Fezzan da ta Hausari da muke ratsawa kullum shaidu ne na mutanen da fatauci ya kawo suka zauna. Ku riƙe shekarar nan ta 1851. Louis Vuitton, wanda 'yan matanmu ke rububin jakarsa, sai a 1854 ya buɗe shagonsa a Paris. Ke nan tsufa ba shi muka rasa ba.

Su waɗannan gidaje da duniya ke kira na alfarma, masu sana'ar hannu ne suka kafa su, irin ku. Thierry Hermès baduku ne. A 1837 ya buɗe rumfa yana ɗinka kayan dawakin da ke jan keken masu kuɗi, daga baya zuriyarsa suka shiga yin sirdi. Da mota ta zo ta kori doki daga titi, ba su watse ba, sai suka ɗauki ɗinkin nan na sirdi mai allura biyu suka mayar da shi kan jaka. Har yau mutum ɗaya ne ke ɗinka jakarsu daga farko har ƙarshe, ya buga mata shaidarsa. Suna da littattafai da suka haura shekara ɗari, kowane sirdi da lambarsa da awonsa, don in jikan mai sirdin ya kawo shi gyara a buɗe a gani. Zuriya ta shida ce ke riƙe da gidan yanzu. Shi kuwa Vuitton maƙerin akwatin tafiya ne. Haruffan nan da furanni da kuke gani a jikin kayansa, ɗansa Georges ne ya ƙirƙiro su a 1896 saboda masu yin jabu sun ishe su. Wanda ya zuba kuɗi ya sayi irin wannan kaya, fata da zare kaɗan ne daga cikin abin da ya biya. Mafi yawa amana ya saya, domin ya san gidan da zai koma in abu ya ɓaci, ya kuma san zai tarar da gidan.

Ita fatar ma akwai maganarta. Ɗaruruwan shekaru fatar jar akuyar Sakkwato da Maraɗi, wadda majemanmu suka jeme suka rina, tana keta Sahara a bayan raƙumi. Da ta isa Turai, sai aka kira ta fatar Maroko, saboda ta tashoshin can ta shiga jirgi. An yi bangon littattafan sarakuna da ita, ba a ambaci majemi ko ɗaya ba. Cutar da na gani a shagon Abuja tsohuwa ce.

Yanzu in dawo gida, in ba ku labarin gwaggona, Allah ya jiƙanta. A Hausari ta zauna, turare ne sana'arta tun ban san kaina ba. Ranar haɗi tun da sassafe za ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ta zube itace kashi-kashi, ga sandal, ga hawi, ga gabgab, ga kajiji a gefe. Ɗaya bayan ɗaya take tsince su, wanda ya yi fumfuna ko ƙwaro ya ci ta jefar. Farce kuwa, wato marfin dodon-koɗin teku da ake kawowa daga wajen Bahar Maliya, shi ne aikin wahala. Ɗanyensa ƙarnin kifi yake yi. Sai an jiƙa shi, an kankare naman da ya maƙale a bayansa da wuƙa, an soya shi har ya yi ƙaras-ƙaras, kana a daka. In an yi ganda a nan, duk tsadar man da aka zuba daga baya ba zai rufe ƙarnin ba. Sannan ta narka sukari, ta zuba itacen tana juyawa a kan wuta marar ƙarfi. Ba ta duba agogo, da hanci da kunne take gane ya yi. Sai ya huce take zuba miski da mayukan turare, ta danna a kwalba ta rufe, ta tura ƙarƙashin gado. Ko amarya ce ta matsa, ba ta buɗewa sai ya yi kwanakinsa. Humra ma haka, fara da baƙa, kowace da lokacin da take ɗauka kafin ta nuna. In ta ɗora ƙwaya biyu a kan garwashi ta kifa kabbasa ta rufa lafaya a kai, mayafin zai yi kwanaki yana ƙamshi, an wanke ma ba ya saki duka. Mata daga Kano da Kaduna da Injamena suna aiko mata da kuɗi kafin kaya, ba takarda, ba shaida.

Ta rasu ba ta bar layi ɗaya a rubuce ba. 'Yarta ta san itatuwan, ta san jerin aikin, amma awon yana hannun tsohuwa ne, da abin da take ƙarawa a ƙarshe idan ta kore mu daga ɗakin. An gwada, an sake gwadawa, ƙamshin yana kusa amma ba shi ba ne. Cikin shekara biyu masu aike suka koma wani wuri. Na tabbata a zauren nan kowa yana da irin wannan gwaggo, ko kaka, ko maigida.

Ku kwatanta da Bintu Sudan, 'yar kwalbar nan da ba a rasa ta a lefe. A 1920 wani wakilin kamfanin W. J. Bush na Landan ya ɗauko irin ƙamshin da mutanen Sudan ke so, aka haɗa shi da mai ba barasa, aka ba shi suna, aka yi masa takarda mai hoto. Yau ya haura shekara ɗari, a Kano ake yin sa, iyayenmu mata ma suna zuba shi cikin haɗinsu. Ba zan ce ya fi humrar gwaggona ƙamshi ba, wallahi bai kai ba. Abin da ya fi ta da shi, an rubuta haɗinsa, an tsare sunansa, wanda ya ƙirƙiro shi ya mutu turaren bai bi shi kabari ba. A Faransa akwai wani gari, Grasse, da suka tattara ilmin noman fure da haɗa turarensu har hukumar UNESCO ta sa shi cikin gadon ɗan Adam a 2018. Ilmin matan Borno, Kanuri da Shuwa da Hausawan da suka koya a hannunsu, ya cancanci irin wannan kujera.

Hula ta ɗan fi turare sa'a, domin ita tana da sunaye. Akwai Zanna Bukar, wadda ake danganta ta da Zanna Bukar Dipcharima, ministan Jamhuriya ta Farko, akwai Bama, akwai Kindai, akwai Bangwal. Mai saye na gaskiya ba ya tsayawa kan launi. Juya ta yake yi ya duba ciki, ya ga ko ɗinkin ya cika, ko zaren ya kwanta, ko idon allura ya yi daidai daga gindi har sama. Mai kyau tana cin makonni a hannu, wata ma watanni. Da Bama ta faɗa hannun 'yan tayar da ƙayar baya a Satumbar 2014, mutanenta suka shigo garin nan ba su da komai, da yawa sun zauna a sansani da allura da zare, suka ci gaba da ɗinki, da shi suka ci abinci. An ƙone gari, amma sunan Bama a kan hula bai faɗi ba. Sai dai ga shi yanzu ana shigo da ta inji daga waje, zanen namu, sunan namu, kuɗin ya tafi wani wuri. Yarinyar da ta ƙare idonta wata biyu a kan hula ɗaya, gwamna ko minista zai sa ta a ka, bai san sunanta ba, ba kuma wata alama a cikin hular da za ta kai shi gare ta.

Sai maganar abinci. A Madrid akwai gidan abinci mai suna Botín da aka buɗe a 1725, har yau a tandarsu ta itace ta asali suke gasa rago. A Paris akwai La Tour d'Argent, inda tun 1890 duk agwagwar da aka kawo wa baƙo sai an ba shi kati mai lambarta, a 2003 suka cika miliyan ɗaya. Kada wani ya ce wannan al'adar Nasara ce kawai. A Istanbul gidan alewar Hacı Bekir yana nan tun 1777 a hannun zuriya ɗaya. A Delhi, kusa da babban masallacin Juma'a, gidan Karim's yana dafa nama tun 1913.

Mu kuwa abincinmu na alfarma yana cikin gida, bayan labule. Duk wanda ya taɓa zuwa bikin Kanuri ya san abin da nake nufi. Danderun da aka tsuma da kayan yaji aka bar shi a wuta marar gaggawa har nama ya saki ƙashi, burabusko mai warwarewa kamar yashi, ndaleyi mai santsi da miyar kuka ko ta yakuwa da bandar Baga, sinasir fari tas, ga ardeb mai sanyi a kora. Akwai matan da in ba su ne a kan tukunya ba, uwar amarya ba ta samun barci, tun wata guda ake kama su. Waɗannan su ne manyan masu girkinmu. Amma baƙon da ya sauka garin nan ranar Talata, ba biki ba suna, yana son ya ci danderu irin na daren wushe-wushe na bikin aure, ina za a kai shi? Sai dai a roƙi wani gida alfarma, ko a kai shi otal a ba shi soyayyiyar shinkafar da zai samu a ko'ina. Garin da ya karɓi Yarima Charles da Gimbiya Diana a 1990 bai kamata ya rasa zaure ɗaya ba da za a ce, nan tun kakan wane ake dafa abu kaza, kuma ɗanɗanon bai canja ba.

Na san abin da wasu malamaina za su ce, cewa wannan kiran mutane ne zuwa ga almubazzaranci. Ina tare da su a kan wanda zai ci bashi ya sayi jakar da ta fi kuɗin gidansa don a gan shi. Ba kuma duk abin da gidajen Turai ke faɗa game da kansu ne gaskiya ba, akwai ƙarin gishiri a tarihin wasunsu, akwai tsadar da talla ce kawai. Amma ƙamshi sunna ne, kyautata aiki kuma addini ya yi umarni da shi. Hular da za a sa shekara goma ana wankewa tana komawa sabuwa ta fi biyar ɗin da za su saki cikin damina ɗaya sauƙi, ko a lissafin aljihu. Hausawa sun ce araha ba ta ado.

Me ke kashe sunayen gidajenmu? Na ga abin da idona sau da yawa a kasuwar nan. Maigida ya rasu, an yi sadakar uku, an yi ta arba'in, sai a ƙirga kayan shago a raba, wannan ya ɗauki kuɗi ya sayi Keke Napep, wancan ya sayar da rumfar, sunan da aka shekara arba'in ana ginawa ba wanda ya sa shi cikin lissafi, alhali ya fi kayan daraja. Rabon gado umarnin Allah ne, ba mai taɓa shi. Amma shari'a ba ta hana magada su san kason kowa su bar dukiyar a haɗe ba, su riƙa raba riba. Alhassan Dantata ya rasu a Kano a 1955, kafin nan ya haɗa harkarsa ƙarƙashin kamfani ɗaya mai sunansa da 'ya'yansa, ga shi har yau gidan yana tsaye. Idan kuma 'ya'ya ba su da sha'awar sana'ar, ga yaron shago da ya shekara goma sha biyar yana ɗaukar buhu, ya san kowane mai kawo kaya, ya san hancin kowace hajiya. A Istanbul akwai gidan abinci na Hacı Abdullah, tun 1888, wanda daga maigida zuwa yaronsa yake wucewa, ba daga uba zuwa ɗa ba. Mu kuma sai mu sallami yaro ya tafi ya fara daga tushe da sabon suna, tsohon sunan ya mutu a banza.

Sai sirri. Na fahimci dalilin ɓoye haɗi, shi ne jarin mace, in ya fita kowa ya kwaikwaya. Amma ɓoyewa daban, binnewa daban. A rubuta shi, da boko ko da ajami, da Hausa ko da Kanuri, awo-awo, a ba mutum ɗaya amintacce. A kuma ajiye kwafi a wani wuri ba cikin kasuwa ba. Ba sai na tuna muku dalili ba. Kun ga bama-baman da suka tashi a kasuwar nan a 2014. Kun ga daren Lahadi 26 ga Fabrairun 2023, washegarin zaɓen shugaban ƙasa, da wuta ta tashi ta lashe kasuwar nan muna tsaye muna kallo. An sake gini, kun dawo, sai ga ambaliyar madatsar ruwan Alau a ranar 10 ga Satumbar 2024 ya shigo har cikin shaguna. Littattafan bashi nawa ne suka ƙone, nawa suka jiƙe suka narke? Amma na ga abin da ya ba ni ƙarfin gwiwa bayan gobarar. Akwai waɗanda ba su tsira da ko tsinke ba, masu ba su kaya daga Kano da Legas suka sake loda musu mota ba ko kwabo, saboda sunansu kawai.

Akwai kuma abin da mutum ɗaya ba zai iya ba sai ƙungiya. Manoman masoron Penja a Kamaru sun haɗu sun yi wa sunan yankinsu rajista a 2013, yanzu ba mai rubuta Penja a buhu sai wanda ya noma a can bisa ƙa'idarsu, farashinsa kuma ya tashi. Maƙwabtanmu na Nijar sun bi wannan hanya da kilishinsu da albasar Galmi. Kafin dokar ƙasarmu ta kai can, ba abin da ya hana masu turaren kasuwar nan su zauna su amince a kan abin da ya cancanci a kira shi na Maiduguri, wane itace, wane irin farce, kwana nawa a rufe, su yi tambari ɗaya su yi masa rajista a ofishin tambarin kasuwanci da ke Abuja. Kowace mai haɗi kuma ta yi rajistar sunan sana'arta a hukumar CAC, ta nemi lambar NAFDAC, ta sa sunan gidanta da shekarar da uwarta ko kakarta ta fara a ƙasan tambarin. Masu hula su ɗinka 'yar alama a ciki, ta gari da ta mai ɗinki. Dattawan da ke wannan layi na gaba su ne za su iya kiran wannan zama, in suka kira ba mai ƙin zuwa.

Kwalbar gwaggona ta ƙarshe tana wurina, saura kamar cokali uku a ƙasanta. Na zo da ita, ga ta nan a kan tebur, na kuma roƙi a kawo mini kasko da garwashi. Zan sa ƙwaya ɗaya yanzu. Iyayena mata da ke can gefen dama, ku matso kusa don Allah, hancinku ya fi nawa. In akwai wadda ta gane abin da tsohuwar take ƙarawa a ƙarshe, ta faɗa wa 'yarta, ga ta can zaune da littafi da biro.